Kafin a haƙa rijiyar farko: aikin mai binciken muhalli a tsibiran da ke neman lantarki daga zafin ƙasa

Tambaya: Na karanta kula da muhalli a jami'a, yau shekarata huɗu a wani kamfani da ke binciken tasirin ayyuka ga muhalli da jama'a, galibi hanyoyi da madatsun ruwa. Yanzu an gayyace mu cikin wata tawaga da za ta nemi kwangilar irin wannan bincike a wani ƙaramin tsibiri mai son samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, tunda an ce wutar mai tsabta ce, me za a bincika har na tsawon shekara? Kuma ina bambancinsa da aikin da muka saba?

Amsa:

Ƙanena, Allah ya sa ku dace. Tsabtar da aka faɗa maka gaskiya ce. Idan aka ɗauki matsakaicin duniya, tashar da ke aiki da tururin ƙasa tana fitar da kimanin giram 120 na iskar kabon a kowane yunit na lantarki, tashar kwal kuwa ta doshi giram 1,000. A ƙaramin tsibiri ma maganar kuɗi ta fi ta hayaƙi ƙarfi. Ɗauki Dominika da ke tekun Karebiyan (ba Jamhuriyar Dominikan ba, ana yawan haɗa su). Mutanenta kimanin 70,000 ne, buƙatarta ta lantarki gaba ɗaya ba ta kai megawat 20 ba, kuma shekara da shekaru mafi yawan wutarta daga janaretocin dizal take fitowa, dizal ɗin da sai jirgin ruwa ya kawo. Tasha guda mai megawat 10, irin wadda aka tsara a ƙauyen Laudat, ta isa ta sauya lissafin ƙasar baki ɗaya.

To me za a bincika? Bari in fara da abin da ka sani. Idan kuna binciken hanya ka tarar layin ya ratsa makabarta ko fadama, sai ka rubuta a karkatar da shi, injiniya ya ja tsaki ya karkatar. Zafin ƙasa ba ya karkatuwa. Inda Allah ya ajiye shi nan yake, kuma tururi ba ya jure doguwar tafiya a bututu, bayan 'yan kilomitoci ƙarfinsa ya ragu. Dole tashar ta zauna a jikin dutsen aman wutar da zafin yake. A tsibirin da za ka zagaye da mota tsakanin azahar da magariba, dutsen nan guda shi ne tushen ruwan sha, shi ne gandun dajin da aka killace, shi baƙi ke biyan kuɗin jirgi su zo kallo, sau da yawa kuma a gindinsa kakannin mutanen suke kwance. Babu gefen da za a matsa. Laudat tana bakin gandun Morne Trois Pitons, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1997. A Sen Lusiya, wurin da tururi ya fi fitowa fili, wato Sulphur Springs, yana cikin yankin Pitons da ya sami irin wannan matsayi a 2004, shi ya sa sabon neman da ake yi ya koma wasu wurare a kewayensa.

Yadda abin yake aiki a taƙaice: ruwan sama ne ke tsiyaya ta tsagogin dutse, ya sauka kilomita biyu ko uku, ya tarar da duwatsun da narkakken dutse ya gasa, ya kai digiri 200 zuwa 300 amma bai tafasa ba saboda nauyin da ke kansa. In ka taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ka ɗanɗani ruwan da ƙasa ta ɗumama, sai dai shi digiri 31 ne kawai. Rijiya ake haƙawa a cim ma ruwan can, ya taso da ƙarfinsa, a raba tururi da ruwa. Tururin ya juya injin, ruwan kuma, mai ɗauke da gishiri da ma'adinai, a mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar. Akwai tashoshin da ba sa barin ruwan ya sha iska sam, da zafinsa suke tafasa wani sinadari da ake kira fentan, shi ya juya injin. Waɗannan sun fi tsabta, amma fentan yana kamawa da wuta kamar fetur.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka babban bincike na lokacin gina tasha ne, haƙar gwaji kuwa ƙaramin abu ce da za a rubuta mata shafi talatin a wuce. Ɓarnar da ba ta gyaruwa a lokacin gwajin ake yin ta. Injin haƙa yana zuwa ne cikin kwantenoni da tireloli masu yawa, hanyoyin tsibiri kuma ƙanana ne masu kwana-kwana, gadojinsu ba don wannan nauyi aka yi su ba. Za a yanka sabuwar hanya a hau dutse, a baje fili kamar kadada guda, a haƙa kududdufin zuba laka, a yi wata ɗaya ko biyu ana aiki dare da rana a kan kowace rijiya, ga fitilu ga ƙara. Duk wannan kuma babu tabbacin za a samu. A Sen Binsent an haƙa rijiyoyi uku a jikin dutsen La Soufrière tsakanin 2019 da 2020, aka tarar da zafi na kusan digiri 250, amma dutsen ya toshe, ruwa ba ya ratsa shi yadda za a juya injin. Miliyoyin daloli suka tafi, tasha ba ta samu ba. Saboda haka tun a rahoton farko ka rubuta abin da za a yi idan rijiya ta ƙi: wa zai toshe ta da siminti, wa zai kwashe lakar, filin zai koma hannun mai shi ko kuwa, da kuɗin wa. Idan ba a ware kuɗin tun ana ɗokin aikin ba, ranar da aka naɗe kaya ba za ka ga kowa ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu, idanun ruwan zafi. Duk inda ake ɗibar ruwa daga ƙasa da yawa, matsinsa na raguwa, abin da ke sama kuma yana ji. Niyu Zilan ta koyi wannan da tsada. Tashar Wairakei ta fara aiki a 1958, zamanin da ba a mayar da ruwa ƙasa. Maɓuɓɓugan da ke tsartuwa sama a kwarin da ke kusa, waɗanda baƙi ke zuwa kallo, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, a wani ɓangaren kuma ƙasa ta lotsa har kimanin mita 15. A garin Rotorua ma ba tasha ce ta jawo ba, ɗaruruwan ƙananan rijiyoyin gidaje da otal ne suka raunana maɓuɓɓugan, har gwamnati ta ba da umarni a 1986 a rufe duk rijiyar da ke cikin kilomita ɗaya da rabi daga maɓuɓɓugar Pohutu. Da yawansu sun farfaɗo, wasu ba su dawo ba. A Jafan, ƙasar da ke cikin ukun farko a duniya wajen yawan wannan arziki, tsoron masu gidajen wankan ruwan zafi yana cikin manyan dalilan da suka sa abin da ake samarwa bai taka kara ya karya ba.

Ba kowane ido ne ke da alaƙa da ruwan can ƙasa ba, kuma sinadaran ruwan ne ke tona asiri. Wanda ke da kuloraid, wato sinadarin gishiri, da yawa daga zurfi ya taso, shi ne zai fara ja da baya idan matsi ya sauka. Mai tsami, mai farar wuta, yawanci ruwan sama ne na kusa da tururi ya dafa, irinsa ma zafi yake iya ƙarawa. Amma duk wannan ilimi ba ya amfani idan ba a auna idon tun kafin a taɓa ƙasar ba.

A wani tsibiri da na yi aiki akwai wata dattijuwa da ta gina ɗakunan wanka uku a bayan gidanta, ta jawo ruwan zafi daga wani ido da bututun roba, tana karɓar kuɗi a hannun baƙi. Da shi ta yi wa 'ya'yanta makaranta. Kayan aikinmu a wurinta ba su wuce bokiti mai lita 20 ba, da agogon waya, da ma'aunin zafi, da kwalaben ɗibar ruwa. Mu tara bokiti a bakin bututu, mu ƙirga daƙiƙa nawa ya cika, sau uku, mu rubuta, ita kuwa tana tsaye ta riƙe ƙugu tana kallonmu kamar masu wasan yara. Kamfanin da ya ɗauke mu ya matsa a gama cikin wata uku, muka yarda, muka auna a yanayi ɗaya kawai. Bayan an yi gwajin rijiya sai ruwanta ya ragu. Ta ce rijiya ce. Kamfani ya ce ruwan saman shekarar ne ya yi ƙaranci. Aka juyo ana kallonmu, mu da aka biya don mu sani, muka rasa ta cewa, domin ba mu san yadda idon ke hawa da sauka tsakanin damina da rani ba. Mai yiwuwa ma kamfanin ne ke da gaskiya. Amma ƙauyen ya bi bayanta, kuma daga ranar duk lambar da muka kawo wurin taro ba wanda ya ƙara kallonta. Tun daga nan ba na sa hannu a binciken da bai auna idanun ruwa na aƙalla wata 12 ba: yawan kwarara, zafi, da sinadarai, mai wurin yana tsaye, ya sa hannu, a bar masa kwafinsa. Shekarar da kake tambaya a kai, babban dalilinta ke nan.

Ita kanta haƙar tana shan ruwa. Idan bakin injin ya faɗa tsagar dutse, wadda ita ake nema, sai ruwan haƙa ya riƙa zurarewa ƙasa ba ya dawowa, a buƙaci lita gomomi a kowace daƙiƙa, kwana da kwanaki. A Dominika mai koguna ko'ina wannan da sauƙi. Amma dubi Ngazija, babban tsibirin Kwamoros, inda aka daɗe ana nazarin zafin dutsen Karthala da taimakon Niyu Zilan da Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsibirin ba shi da kogi ko ɗaya da ke gudana duk shekara, dutsen kamar rariya yake, ƙauyukan tudu da tankunan ruwan sama suke rayuwa. A can tambayar inda za a samo ruwan haƙa, ba tare da an taɓa na shan mutane ko an jawo ruwan teku cikin rijiyoyin gaɓa ba, tana iya zama rabin rahoton.

Sai iska. Tare da tururi akwai iskar farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Hanci yana jin ta tun tana 'yar mitsitsiya, amma idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta wuce, in ta ƙara yawa numfashi kaɗan ya isa ya kayar da shi. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a daren da babu iska gangarawa take yi ta kwanta a kwari, kuma a tsibiran duwatsu a kwari ƙauyuka suke. 'Yan'uwanmu na Kamaru sun san halin iska mai nauyi: a watan Agusta na 1986 tafkin Nyos ya saki iskar kabon da ta bi kwaruruka ta kashe mutum fiye da 1,700. Wancan ba aikin ɗan Adam ba ne kuma girmansa daban, amma tafiyar iskar iri ɗaya ce. Ranar 25 ga Janairu 2021, a Sorik Marapi da ke tsibirin Sumatra na Indonesiya, an buɗe wata rijiya, iskar farar wuta ta tarar da mutanen ƙauyen Sibanggor Julu a gonakinsu na kusa, mutum biyar suka rasu har da yara, aka kwantar da wasu da dama a asibiti. Buɗe rijiya aiki ne da ake sa wa rana da sa'a. Don haka kada rahotonka ya tsaya a "za a sanar da jama'a". Ya faɗi nisan da za a kwashe mutane, wa zai bi gona-gona ya tabbatar ba kowa, da wane harshe za a yi shela, ta lasifikar masallaci ko ƙararrawar coci, ina za a kafa na'urorin jin iskar, wa ke da ikon cewa a dakata. Kuma kada ka yi lissafin inda iska za ta bi da bayanan yanayi na filin jirgin sama da ke bakin teku. A kafa ma'aunin iska a kan dutsen, ya shekara. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na iskar farar wuta shi ne maikrogiram 150 a kowace kubik mita ta iska (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi), matsakaicin awa 24. Aislan ta tsaurara nata zuwa 50 a 2010, bayan warin tashar Hellisheiði ya riƙa isa babban birnin ƙasar, daga baya aka koma narkar da iskar cikin ruwa ana tura ta ƙasa ta zama dutse.

Ruwan da ke fitowa daga rijiya kuwa ba na zubarwa ba ne. Yana ɗauke da gubar asanik da boron, kuma shekaru da yawa Wairakei tana zuba nata a kogin Waikato. A tsibiri koguna gajeru ne, abin da ya zube da safe kafin la'asar ya isa teku inda masunta ke kamun kifi. Maganinsa mayar da shi ƙasa, shi ma da nasa sharaɗin. Da aka fara tura ruwa da yawa a sabbin rijiyoyi kusa da Hellisheiði a 2011, ƙasa ta yi ta motsi, mafi ƙarfi ya kai kusan maki 4, mutanen garin Hveragerði suka ji a gidajensu. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne ba wanda ya gaya musu hakan na iya faruwa. Yanzu sai an sanar kafin a yi babban canji a yawan ruwan da ake turawa.

A binciken hanya ka saba tambayar me aikin zai yi wa wurin. A nan dole ka juya ta, me wurin zai yi wa aikin, sannan me zai sami maƙwabta idan hakan ta faru. A 2018 narkakken dutsen Kilauwiya ya malalo kan tashar Puna a Hawayi, sai da aka yi gaggawar kwashe galan kusan 60,000 na fentan aka kashe rijiyoyin, tashar ba ta dawo aiki ba sai ƙarshen 2020. A Fabrairun 2024 narkakken dutse ya yanke babban bututun ruwan zafi na tashar Svartsengi a Aislan, dubban gidaje suka kwana cikin sanyin ƙanƙara. Mahaukaciyar guguwar Haiyan ta lalata hasumiyoyin sanyaya ruwa na tashoshin Leyte a Filifin a Nuwamban 2013. Guguwar Mariya kuwa, da ta faɗa wa Dominika ranar 18 ga Satumba 2017, ɓarnarta ta kai kashi 226 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Dazuzzuka suka zama tsirara, gangare ya zaftare, gidaje suka tashi. Duk wanda ya ƙirga itatuwa da tsuntsaye da gidaje kafin wannan dare, washegari ƙidayarsa ta zama tarihi.

Tsuntsaye da tsirrai ba zan ja ba, ka san aikin. Ka dai tuna halittun tsibiri sau da yawa babu su a ko'ina sai nan, kamar aku mai suna sisserou da ke kan tutar Dominika. Wani lokacin ma zafin kansa shi ne gidan halittar. A tsibirin Niyu Biritin na Papuwa Niyu Gini akwai wani tsuntsu mai kama da zabo da ba ya kwanci a kan ƙwansa, binne shi yake yi a ƙasar da dutse ya ɗumama. Mutanen wurin suna tono ƙwan su ci su sayar, kuma an san na wane dangi ne kowane fili. Ka sauya ɗumin ƙasar, ka taɓa tsuntsu da tukunyar gida a lokaci guda.

Amma in ka tambaye ni abin da ya fi tsayar da waɗannan ayyuka, zan ce maka ƙasa da mutane ne, sinadarai na biye. A Papuwa Niyu Gini kimanin kashi 97 cikin 100 na ƙasa ta gargajiya ce, tsarin mulkin Banuwatu kuma ya ce duk ƙasar ta masu ita na asali ce da zuriyarsu. Babu takardar mallaka da za ka nema a ofis, sai ka zauna ka ji wa ya gaji wa. A Ngazija, ƙasar Musulmi ce, za a kai ka dandalin gari da suke kira bangwe, ka gaisa da dattawa maza, ka ji kamar kana gida. To amma akwai filayen gado da ake kira manyahuli, waɗanda ta tsatson mata suke bi, daga uwa zuwa 'ya. Wanda ya gama taronsa a dandali ya tafi bai gana da masu filin ba. A wurin irin wannan dole tawagarku ta kasance da mace 'yar ƙasar da za ta shiga cikin gidaje.

Tsibirin Flores na Indonesiya darasi ne da ya kamata ka karanta sosai. A 2017 gwamnati ta yi masa laƙabi da tsibirin zafin ƙasa. A Wae Sano, bakin tafkin Sano Nggoang, aka tsara haƙar gwaji da kuɗin Bankin Duniya. Masu aikin suna lissafin kadada nawa za a karɓa da diyyar kowace bishiya. Mutanen da suka ƙi kuwa suna magana ne a kan abin da suke kira ruang hidup, wato sararin rayuwa: gida da gona da idon ruwa da wurin yanka na kakanni da kaburbura, duk abu ɗaya ne da ba a yanka shi a sayar da ɓangare. Shekaru ana ja, a ƙarshen 2023 Bankin Duniya ya janye daga aikin. A Bali, aikin Bedugul ya tsaya cik shekara da shekaru saboda tsaunuka da tafkunan wurin masu tsarki ne ga mabiya addinin Hindu na tsibirin. A Filifin, ƙabilun dutsen Apo sun yi rantsuwar jini a 1989 cewa za su kare dutsen, duk da haka aka gina tashar ta fara aiki a 1997, shekarar da ƙasar ta yi dokar da ta wajabta neman yardar 'yan asalin wuri, bisa son ransu, tun kafin a fara, bayan an yi musu cikakken bayani. Kai ba aikinka ba ne ka yanke hukunci a kan abin da mutane suka tsarkake, ko ya saɓa wa aƙidarka. Aikinka ka gano shi da wuri, ka sa shi a taswira da izininsu, ka gaya wa injiniya tun yana iya matsar da filin rijiya. Ana iya haƙa rijiya a karkace, bakinta a nan gindinta ya yi nisan ɗaruruwan mitoci, kuma wannan 'yar dama ta sha kashe rigima. Tun ran gini tun ran zane.

Inda na ga abin ya zauna da gindinsa shi ne inda masu ƙasa suka zama masu tasha. A Mokai ta Niyu Zilan, amintattun filayen Tuaropaki na Maori, 'yan asalin ƙasar, su ke da kashi 75 cikin 100 na tashar, da zafin kuma ake noman kayan lambu a rumfunan gilashi, ake sarrafa madara. Ba ko'ina ake iya kwaikwayon wannan ba, domin su filinsu na da rajista kuma dokar ƙasarsu ta ba su ƙarfi. Amma ya kamata rahotonka ya kawo maganar hannun jari ko kaso na dindindin, kada ya tsaya a diyya ta sau ɗaya da gyaran aji biyu na firamare.

Ka kiyayi alkawari. A taron farko za a tambaye ka abu biyu, yaushe wuta za ta yi araha, kuma yara nawa za a ɗauka aiki. Gaskiyar ita ce lokacin gini ana ɗaukar mutane da dama na ɗan lokaci, bayan nan ƙaramar tasha 'yan gomomi kaɗan take riƙewa, yawancinsu masu horo na musamman. Farashin wuta kuwa ya dogara da bashin da aka ci da yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin rarraba wuta, abubuwan da ba a hannunka suke ba. Ɗan siyasa zai yi alkawarin ya hau mota ya tafi, kai za a tare a hanya bayan shekara uku.

Game da ƙa'idoji, dokar ƙasar kaɗai ba za ta ishe ku ba, don kusan duk irin wannan aiki da kuɗin waje ake yin sa. Ka san ma'aunai 8 na 2012 na hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi, da ma'aunai 10 na Bankin Duniya da suka fara aiki a Oktoban 2018, da jagorar lafiya da muhalli ta tashoshin zafin ƙasa da rukunin bankin ya fitar a 2007. Abin da takardun ba za su gaya maka ba shi ne ƙanƙantar wurin. Ofishin muhalli na ƙasar yana iya zama mutum biyar, babu wanda ya taɓa ganin rijiyar tururi a cikinsu, su ne kuma za su duba rahotonku su sa ido shekara talatin. Ka rubuta tsarin sa ido da za su iya bi da abin da ke hannunsu, ka sa kuɗin horar da su a ciki. Haka hanyar kai koke: a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, akwatin ƙorafi a ofishin da ƙanin mai kwangila ke zaune ba wanda zai jefa takarda a ciki.

Sai maganar da ba a son yi. Mai aikin shi ke biyan ku, kuma in baki ya ci ido kan ji kunya. Za a kira ka a ce a sassauta wannan jimla, a mayar da "babba" ta zama "matsakaici". Abin da ke kare ka shi ne masu ba da bashi suna da nasu masu dubawa, kuma rahoton za a wallafa shi kowa ya gani da sunanka a jiki. Nakan ce wa mai aiki, rijiya ɗaya ta fi duk kuɗin bincikenmu tsada nesa ba kusa ba, injin haƙa kuma ko yana tsaye saboda an tare hanya kuɗin hayarsa na tafiya kullum. Wannan lissafin ya fi wa'azi shiga kunnensu.

Kai kuma, ka shiga tawagar da abin da ka iya. Ƙidayar gidaje da gonaki, lissafin diyya, zama da masu gari, sanin cewa wanda ya fi surutu a taro ba lallai shi ne mai fili ba, duk ka kawo su daga aikin madatsun ruwa kuma suna da daraja a can. Abin da ba ku da shi ku nemo: masanin sinadaran ruwan zafi, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya san duwatsun aman wuta, mai lissafin tafiyar iska, da 'yan ƙasar masu jin harshen ƙauye, ko Kiriyol ne ko wani. Idan takardar neman kwangilar ta iso, ka fara duba wata nawa aka ware wa aunawar farko, ko binciken ya haɗa da hanyar shiga da layin wutar da zai kai ta gari, da kuma wanda zai biya kuɗin sa ido bayan kun tafi. In ka ga an rubuta mako takwas, ku faɗa a takardarku cewa idanun ruwa da iska sai an auna su damina da rani, ku sa farashinsa a fili. Mai yiwuwa wani ya fi ku araha ya ɗauke kwangilar. In kuma ku aka ba, ranar da ka sauka ka nemi wanda ya fi daɗewa yana wanka a idon ruwan, ka ɗauki bokitinka ka bi shi.